Yadda Ake Riƙe Rumfar Dare ta Gado a Zangon Ankara

Duk wanda ya taɓa bi ta babban titin Nima, unguwarmu a birnin Akra na ƙasar Gana, bayan sallar isha ya san cewa unguwar ba ta kwanciya da wuri, domin a daidai lokacin da masu shagunan tufafi ke jan ƙofofinsu ne masu shayi ke hura gawayi, masu tsire ke jera tsinke, benci kuma ya soma cika da mutane. Abin da mashaya take ga samarin unguwannin Osu da Labadi, shi ne rumfar dare a wurinmu mutanen Zango, wato wurin da ake sauke gajiyar yini, a ji labarin gari, a yi gardamar ƙwallo, a ƙulla ciniki, wani lokaci har a soma zancen aure. Tamu dai babu giya a cikinta, sai shayi da burodi da ƙwai, da ataya, wato shayin ganye da ake sha a ƙananan kofuna, da tsire, da shinkafa da wake wadda duk mutanen Gana ke kira waace. A irin wannan rumfa na tashi a nan Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran birnin Akra, kuma ita ce ta faɗo hannuna bayan rasuwar mahaifina, a lokacin da nake zaton na san kome game da ita alhali haɗa shayi kaɗai na iya. Na rubuta wannan bayani ne domin wanda mabuɗin irin wannan wuri ya shiga hannunsa, ko wanda ya hango cewa nan gaba kaɗan shi za a miƙa wa.

Ka fara da zama gaban tsofaffi

Kafin ka sayi fenti ko ka canja talabijin, aikinka na farko shi ne ka tattara tarihin rumfar daga bakin waɗanda suka kafa ta, kuma ba don daɗin labari kaɗai ba. A cikin wannan tarihi ne za ka sami amsar tambayoyin da ke raba zumunci daga baya: wa ya kawo jarin farko, wa ya nemo wurin, da kuɗin wa aka sayi firiji, kuma wane alƙawari aka yi wa mai gidan haya. Ka naɗi muryar kowane tsoho a wayarka shi kaɗai, maza daban mata daban, domin abin da goggo za ta faɗa maka daga ita sai kai ba shi za ta faɗa a gaban ƙaninta ba. Ka kai goro, ka zauna a tabarma, ka bar tsoho ya karkace ya dawo da kansa, sa'an nan ka koma sau uku ko huɗu, saboda maganar da ta fi nauyi ba ta cika fitowa a zaman farko ba. Tsofaffinmu ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya auku suke riƙe ta, saboda haka kai ne za ka daidaita lissafin: idan aka ce maka lokacin Firayim Minista Busia, 1969 ake nufi, idan kuma aka ce shekarar yunwa, 1983 ke nan.

Sai da na yi irin wannan zama da goggona, yayar mahaifina, na gane cewa rumfarmu ba a Nima ta soma ba. Kakanmu ya fara ne da tiren tsire a ƙofar gidajen rawa na cikin gari a shekarun 1950, zamanin da kiɗan hailaif na E.T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos ke tashe, ma'aikatan gwamnati da akawunan kantuna suna cin ado su fito ran Asabar da dare. Shi ba ya shiga ciki, ba ya kuma taɓa abin da suke sha, amma duk wanda ya fito shan iska sai ya tsaya gaban wutarsa ya ce, "Aboci, ƙara yaji," domin haka mutanen Ga, 'yan asalin Ankara, da Asantawa suke furta aboki, kuma har yau da wannan suna ake kiran mai tsire a ƙofar mashaya a ƙasar nan, tsiren kuwa ana ce masa cicinga. Da kuɗin tsiren ya kama ɗaki a Nima, unguwar da ta tashi daga filin da Malam Amadu Futa ya samu a hannun mutanen Osu a farkon shekarun 1930, ya kafa teburin shayi a bakin hanya, kakarmu kuma tana dafa waace da karan dafi a cikin gida ana fito da shi.

Daga nan goggo ta shiga lissafa mini lokutan da dare ya nemi ya gagari rumfar. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, gidaje suka zama kangaye cikin 'yan kwanaki, da yawa daga masu zama bencin kakanmu suka hau mota da bashinsa a wuyansu, kuma babu wanda ya ga laifinsu. Bayan juyin mulkin Rawlings na 31 ga Disamba 1981 aka kafa dokar hana yawon dare wadda ta ɗauki sama da shekara biyu, ita ce ta durƙusar da gidajen rawa na Ankara, makaɗa da yawa suka bar ƙasar ko suka koma kiɗan coci. Ana cikin haka fari da gobarar daji suka kawo yunwar 1983, shekarar da Nijeriya ta koro 'yan Gana kusan miliyan ɗaya, burodi da sukari da madarar gwangwani suka zama sai wane da wane. Abin da ya riƙe gidanmu a waɗannan shekaru shi ne tukunyar koko da kaskon ƙosai da kakarmu ta riƙa ɗorawa da asuba a daidai inda mijinta ke kafa tebur da dare. Ni da kaina na ga irin wannan sau biyu, wato a dumso na 2015, lokacin da akan ɗauke wuta awa 24 a kawo ta awa 12, da kuma kullen korona da ya soma ran 30 ga Maris 2020 a Ankara da Kumasi ya yi mako uku. Darasin da na ɗauka, wanda nake ba duk mai gado shawara a kansa, shi ne kada rumfarka ta dogara ga lokaci ɗaya ko abinci ɗaya. Ka tabbatar akwai wutar dare akwai wutar asuba, kuma akwai aƙalla abu ɗaya da kake sayarwa wanda ba ya bukatar lantarki ko kayan da ake shigowa da su daga waje.

Ta wa ce rumfar?

Da zarar ka gama tattara bayanan, sai ka kira taron dangi a gaban limami ko sarkin unguwa, ka karanta abin da ka ji a bainar kowa domin mai gyara ya gyara. A wannan taro ya kamata a rarrabe abu uku da mutanenmu suka saba cakuɗawa, wato wurin, da kayan aiki, da aikin kansa. Wurin da kayan su ne gado, malami zai ƙiyasta su ya faɗi rabon kowa bisa shari'a, mata da maza, na kusa da wanda ke Jamus ko Saudiyya. Aikin kuwa ba gado ba ne, wanda ya tsaya gaban wuta daga magariba zuwa asuba albashi ya kamata ya samu, ko da ɗan mai rumfar ne, sa'an nan abin da ya rage bayan an cire kuɗin kaya da albashi shi ne ribar da ake rabawa tsakanin magada. Rumfunan da na ga sun mutu a unguwarmu ba rashin ciniki ne ya kashe su ba, mai aiki ne ya ga kamar yana yi wa waɗanda ke barci bauta, masu barci kuma suka ga kamar yana cinye musu haƙƙi.

Duk abin da aka amince a rubuta shi, kowa ya sa hannu, a ajiye kwafi a wurin shaidu. Idan tsohon yana raye, ku lallashe shi ya rubuta wasiyya a gaban lauya, domin idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba kuma magana ta kai kotu, dokar gado ta 1985 ake bi, rabonta kuwa ba irin na Musulunci ba ne. Game da rajistar suna a ofishin rajistar kamfanoni, ka lura da abu ɗaya: idan aka yi rajistar a matsayin sana'ar mutum ɗaya, a idon hukuma ta mai sunan ce shi kaɗai, saboda haka idan magada da yawa ne, rajistar haɗin gwiwa ta fi dacewa, wadda ke ɗaukar mutum 2 zuwa 20. Kowa zai bukaci Katin Gana, wato katin shaidar ɗan ƙasa. Maganar haya kuma, dokar 1963 ta ce kada mai gida ya karɓi kuɗin fiye da wata shida a gaba, amma kowa ya san shekara ɗaya ko biyu ake nema, don haka ranar da ka biya ita ce ranar da za ka soma tara na gaba, kuma kada ka yarda ka ba da ko sidi ɗaya babu rasit, ko da mai gidan aminin mahaifinka ne.

Ƙirga ƙwai

A shekarata ta farko benci ba ya rabuwa da mutane, har maƙwabta na yi mini barka, amma kowace Laraba idan zan shiga kasuwar Nima sayen kaya sai na ci bashi. Wata rana da la'asar goggo ta zo ta ja kujera ta zauna kusa da kurfoti, ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, kiret nawa ka sayo jiya?" Na ce, "Huɗu, Goggo." Ta ce, "To, ƙwai 120 ke nan. Nuna mini kuɗin ƙwai 120." Na juye gwangwanin kuɗi a kan tire, muka ƙirga tare, kuɗin ko na ƙwai 90 bai kai ba. Sauran sun tafi cikin 'ya'yan kawu da ke biyowa daga makarantar dare, da abokaina da ke cewa a sa a littafi alhali babu littafin, da waɗanda suka fashe ban lura ba. Ba ta yi mini faɗa ba, sai ta tura yaro ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta ta ja layi uku a shafin farko da hannunta.

Dabarar ba ta da wuya, riƙe ta kullum ne ke da wuya. Kafin ka hura wuta ka ƙirga abin da ka fito da shi, ƙwai da burodi da gwangwanin madara da ƙullin Indomie da kwalin Lipton, ka rubuta. Idan za ka tashi ka ƙirga abin da ya rage, bambancin shi ne abin da ya kamata kuɗinsa ya kasance a gwangwani. Ka auna sau ɗaya ka san kofi nawa gwangwanin madara ke yi da kofi nawa gwangwanin Milo ke yi, domin hannun yaron shago yakan yi nauyi idan abokinsa ne a gabansa. Ba na cewa ka hana dangi ci, wannan ba halinmu ba ne, amma abin da ɗan gida ya ci a rubuta shi a layinsa, a cire daga ribar da za a raba, ta yadda kowa zai ga inda kuɗin ya bi. Kuɗin cefanen gida kuma kada ya fito daga gwangwanin ciniki kai tsaye, daga albashinka zai fito.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma rumfar da ta ce ba ta ba da bashi sam ba za ta daɗe a Zango ba. Abin yi shi ne mutum ɗaya kaɗai ke da ikon bayarwa, littafi ɗaya ake rubutawa, kowane mai ci yana da iyakar da idan ya kai ta sai ya rage kafin a ƙara masa, kuma ana tuna masa ne a gefe, ba a gaban benci ba. Kuɗin waya, wato momo, ka buɗe masa lambar ciniki dabam da taka ta kanka, kuma kada ka gamsu da saƙon da wani ya nuna maka a wayarsa sai ka ga kuɗin ya shiga a taka, domin saƙon bogi ya yi yawa. Ka shiga adashin kullum, wanda a nan ake kira susu, da niyyar haya kaɗai. Mai karɓa yakan riƙe zubin kwana ɗaya a wata a matsayin ladansa, kuma wannan bai kai asarar da za ka yi idan kuɗin ya kwana a aljihunka ba. Idan kaya suka yi tsada, kamar ƙarshen 2022 da hauhawar farashi ta wuce kashi 50 cikin 100, ka ƙara kuɗi a fili ka gaya wa mutane dalili. Wanda ya tsarma madara da ruwa don kada ya ƙara kuɗi, tsofaffin masu shan shayinsa a kurɓin farko suke ganewa, ba kuma za su ce masa kome ba, sai dai ya ga sun koma bencin gaba.

Sanin dare

Dare ba abu ɗaya ba ne, mutanensa rukuni-rukuni suke zuwa, kuma kowane rukuni da abin da yake nema. Tsakanin magariba da isha magidanta ne da yaran da aka aiko da kwano, suna son abu mai sauri su koma gida, saboda haka waace da taliya da shito, wato soyayyen yaji, su kasance a shirye, kada a lokacin ne za ka soma neman wuƙa. Bayan isha zuwa wajen sha ɗaya lokacin samari ne, 'yan bes, masu ataya da gardama. Daga tsakar dare sai masu aikin dare su karɓi benci, direbobin tasi da na bas ɗin haya, wato turoturo, da suka ajiye mota, ma'aikatan jinya, 'yan sanda masu sintiri, masu gadi, da kuma waɗanda suka taso daga mashayun Osu da yunwa a cikinsu. Waɗannan su ne masu biyan kuɗi hannu da hannu, ba sa neman rangwame, Indomie da ƙwai biyu da shayi mai kauri suke so, kuma a nan ne ribar dare take, don haka kada ka ƙarar da ƙwai da burodi a kan samarin farkon dare.

Maganar 'yan ataya tana bukatar dabara. Shayin ataya zagaye uku ne, na farko mai ɗaci, na biyu matsakaici, na uku mai zaƙi, kuma kafin a gama juya shi daga ƙaramin kofi zuwa wani har kumfa ya tashi, awa biyu ko uku sun wuce, mutum takwas sun tare maka benci a kan kwalin ganye ɗaya. Idan ka kore su ka yi asara, domin su ne ke sa wuri ya yi kama da mai rai, mai wucewa kuma ba ya tsayawa a rumfar da babu kowa. Abin da muka yi shi ne muka shimfiɗa musu tabarma a gefe da ƙaramin kurfoti nasu, muna sayar musu da ganye da sukari da gawayi da na'ana'a, bencin gaban tebur kuma ya zama na mai ci ya tashi. Talabijin ma haka take: daren Talata da Laraba na gasar zakarun Turai, ko ranar da ƙungiyar ƙwallo ta Hearts of Oak ta haɗu da ta Asante Kotoko, rumfa takan cika maƙil amma ciniki bai cika bin yawan kawunan ba, sai ka fito da abin da ake saya da ƙananan kuɗi a sha a zaune, irin su sobolo da lamurje da burkina mai sanyi, wato gero da nono. Wasan Turai kan faɗo daidai lokacin isha, saboda haka da an kira salla a kashe murya, wanda ya ji haushi ya ji.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan dare shi kaɗai ba, ku raba shi biyu, ɗaya daga la'asar zuwa sha ɗaya, ɗaya daga nan zuwa asuba, kuma a ƙirga kaya da kuɗi a wurin miƙa hannu. A nan zan faɗi abin da wasu dangi ba za su so ji ba. Dokar yara ta 1998 ta hana sa yaron da bai kai shekara 18 ba aiki tsakanin ƙarfe takwas na dare da shida na safe, kuma ko babu doka, yaron da ya kwana wanke kofi ba zai fahimci kome a aji ba. Ku koya wa yara sana'ar da rana da ranakun hutu, su soma daga wanke-wanke da yanka albasa zuwa riƙe littafi, amma dare na manya ne.

Shekara ma tana da nata juyi. A watan azumi ciniki yakan koma bayan tarawihi ya miƙe har sahur, a goman ƙarshe kuma masu tahajjud sukan fito da yunwa, sai ka ƙara koko da pinkaso da masa ka rage abinci mai nauyi. A watan Mayu zuwa Yuni sarakunan Ga sukan hana kiɗa da hayaniya na kimanin wata ɗaya kafin bikinsu na gargajiya, Homowo, kada ka ce wannan ba addininka ba ne ka fito da lasifika waje, domin a ƙasarsu muke zaune kuma kakanninmu da mutunta juna suka sami filin. Lokacin ne kuma ruwan sama ke da ƙarfi, wanda rumfarsa ke kusa da babbar kwatar da ta raba Nima da Mamobi ya ɗora buhunansa a kan katako tun kafin hadari ya haɗu.

Tsare mutuncin wuri

Tunda kana buɗe a lokacin da mashayu ke tashi, dole wata rana mai maye ya zauna a bencinka. Idan bai tayar da hankali ba, ka sallame shi da sauri cikin ladabi, ka ƙulle masa abincinsa ya tafi da shi. Idan ya soma zage-zage, kada ka biye masa, babba a cikin masu zama ya raka shi bakin titi. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne tiramol da wiwi da caca, domin ranar da aka san ana miƙa irin waɗannan a bayan rumfarka, ranar magidanta za su daina aiko 'ya'yansu, sunan da kakanka ya yi shekaru yana ginawa kuma ya zube. Shisha ma ban yarda da ita ba, dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta hana shan taba a wurin taruwar mutane, kuma ribar da ke cikinta ba ta kai fitinar da take jawowa ba. Idan zaɓe ya gabato, kada hoton ɗan takarar jam'iyyar NDC ko ta NPP ya hau bangonka ko da an ba ka kuɗi, domin ran 8 ga Disamba, kashegarin zaɓe, da wanda ya ci da wanda ya faɗi duk shayi za su nema. Maƙwabcin da tagarsa ke kallon rumfarka kuwa, ka fi kula da shi fiye da kowane mai ciniki: a rage murya bayan sha ɗaya, kada hayaƙin tsire ya nufi ɗakinsa, idan ana suna ko rasuwa a gidansa ka aika da bencinka tun kafin ya tambaya.

Takardun hukuma ba su da wani sirri sai dai a yi su a kan lokaci. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Mamobi kuma ta Arewa, a can ake karɓar izinin gudanar da sana'a kowace shekara, kuma duk mai taɓa abinci sai ya yi gwajin lafiya ya riƙe katinsa, domin shi ne abin da duba-gari, waɗanda ake kira tankas, ke fara tambaya. Hukumar abinci da magunguna ma tana da takardar tsafta da take bayarwa. Ka haɗa su duka a leda ɗaya ka rataye inda hannu zai kai. Ruwan wanke kofi ya zama roba biyu, ta sabulu da ta ɗauraya, ana canja su kafin su yi kauri. Tukunyar gas ta zauna nesa da kurfoti da wutar tsire, ka riƙa shafa wa tiyo ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa, ka kuma ajiye abin kashe gobara wanda kowa a rumfar ya san yadda ake buɗe shi. Fitila mai caji biyu su kasance cike kullum, kuma ka duba mitar kati da la'asar, ba sai ta yanke maka wuta ana tsakiyar wasa ba.

Wajen ƙarfe huɗu, idan ladan ya yi kiran farko, sai ka soma tattarawa. Naman da ya rage da waace da ya kwana ba sa komawa tire gobe, a ba masu gadi da almajirai tun da sauran ɗuminsu, a rubuta a layin asara domin ka san yawan da za ka rage a dafuwar gaba. Ka ƙirga ƙwai da burodi da gwangwanaye, ka ƙirga kuɗin hannu ka haɗa da na waya, ka ware zubin adashi a ledarsa kafin ka taɓa sauran. Ka kashe gas daga kan tukunya, ka yayyafa wa gawayi ruwa, ka share gaban rumfar har bakin kwata, ka wanke teburin da ruwan zafi. A wurinmu a daidai wannan lokaci ne ƙanwata ke isowa da tukunyar koko a naɗe cikin bargo da ƙullun ƙosai a bokiti, sai in nuna mata shafin daren ta duba ta sa hannu, in miƙa mata mabuɗin firiji da canjin da za ta soma da shi, sa'an nan in ɗauki buta in nufi masallaci.